Farar waya a cikin bangon gidanmu

Ƙauri ne ya tashe ni, wajen ƙarfe biyun dare, cikin watan Janairu, lokacin da sanyin jihar Ohayo ta Amurka ke ratsa mutum har ƙashi. Duk macen da ta saba da kicin ta san ƙaurin abinci, ta san na roba. Wannan na roba ne, da ɗan ƙarni-ƙarni kamar na kifi. Na leƙa kicin, murhu a kashe. Na bi hancina har ɗakin yara. Hitar da na kunna musu tana ta aikinta, su kuma suna ta barcinsu. Na kai hannu zan zare fulogin, sai na ji murfin soket ɗin zau, kamar marfin tukunyar da aka sauke yanzu-yanzu.

Na kwashe yaran na kai ɗakina, na sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda akwatin bireka yake, na kashe layin ɗakinsu. Sannan na kira Abban yara, wanda ke can wata jiha da babbar motarsa. Ya yi salati, ya ce, "Kin kashe wutar? To kada ki sake kunna ta. In kin ga hayaƙi ko ƙanƙani, ku fice waje ki kira 911, kada ki tsaya ɗaukar komai." Ban koma barci ba. Na zauna a ƙasa da tafin hannuna jikin bangon, ina jin zafin yana raguwa a hankali, har aka kai asuba.

Tambaya ɗaya ce ta tsaya mini a rai a daren nan. Me ya hana birekar faɗuwa? Ni a sanina, aikinta ke nan, da zarar wani abu ya lalace ta yanke wuta.

Gidan namu yana wata unguwa a gefen birnin Sinsinati, an gina shi a 1969. Da za mu saya, mai duba gida ya rubuta layi ɗaya cikin rahotonsa mai shafuka da yawa, cewa wayarin ɗin na alminiyam ne, a nemi masani ya duba. Muka tambayi mai gidan, ya ce ai tuni an gyara. Muka duba da idonmu, soket-soket sababbi fil, farare tas. Hankalinmu a lokacin yana kan rufi da tukunyar ɗumama gida da kuɗin banki. Muka sa hannu.

Mai gyaran wutar da ya zo washegari dattijo ne, ya kusa saba'in, mai magana a hankali. Ya gwada ya tabbatar babu wuta a layin, ya kwance soket ɗin, ya jawo shi waje sannu-sannu kamar mai ɗaga jariri, ya ce in matso. Wayar da ke ɗaure a jikin notin fara ce, launin azurfa, amma bakinta ya yi baƙi ƙirin. Robar da ta lulluɓe ta ta narke ta ja da baya kamar tsawon ɗan yatsa, ta bushe, yana taɓa ta tana marmashewa. Bayan soket ɗin ya ƙone ya yi ruwan ƙasa. Ya sa sukundireba a kan notin, bai ko yi ƙarfi ba notin ya juya. A kwance yake. Sai ya juya soket ɗin ya nuna mini wani ɗan rubutu da ke cewa na wayar jan ƙarfe ne kaɗai. Ashe sababbin soket ɗin da suka kwantar mana da hankali su ne ma babban abin tsoron. Kallon kitse muka yi wa rogo.

Ya sauka da ni ƙasa, inda wayoyi ke bin katakon silin a fili, ya haska tocila jikin rigar wata waya. Ga harufa nan a buge, suna maimaita kansu har ƙarshenta: AL. Ya ce wasu ana rubuta musu ALUM, wasu kuma cikakken sunan.

Alminiyam dai shi ne abin da iyayenmu ke kira goran ruwa ko sanholo. Na girma ina wanke tukwanensa, ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana zan kwana cikin gidan da aka zagaye da zarensa ba. Yadda aka yi ya shiga bangon gidajen Amurka kuwa, maganar kuɗi ce. A tsakiyar shekarun 1960 farashin jan ƙarfe ya yi tashin gwauron zabi, ana kuma ta gina sababbin unguwanni. Magina suka koma wa alminiyam, mai araha da rashin nauyi. Daga wajen 1965 zuwa 1973 aka yi ta sa shi a ƙananan layukan da ke kai wuta soket da fitila, a gidaje kimanin miliyan biyu. Kanada ma an yi. Ba ya ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe, kusan kashi 61 cikin ɗari ne na abin da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka, don haka sai aka ƙara wa wayar kauri, aka ɗauka magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. Ranar 28 ga Afrilu, 1974, gobara ta kashe mutum biyu a wani gida a Hampton Bays da ke jihar Niyok, bincike kuma ya nuna daga mahaɗar farar waya a jikin soket ta tashi. Hukumar da ke kula da lafiyar kayan da jama'a ke saya a Amurka, CPSC, ta sa aka yi bincike a gidaje. Sakamakon da har yau ake ambata shi ne, gidan da aka yi wa wayarin da alminiyam ɗin da aka ƙera kafin 1972 ya ninka mai jan ƙarfe sau 55 wajen yiwuwar samun mahaɗar da ta yi zafin da zai iya tayar da gobara. Dattijon nan kuma ya ƙara mini da abin da ya faru yana saurayi, a ƙetaren kogin Ohayo, nan kusa da mu. Daren 28 ga Mayu, 1977, wani katafaren gidan cin abinci da shaƙatawa mai suna Beverly Hills Supper Club a garin Southgate na jihar Kentaki ya kama da wuta, mutum 165 suka rasu. Shekaru aka kwashe ana shari'a a kan ko farar waya ce ta tayar da wutar. Ya ce tun daga lokacin bai taɓa raina soket mai ɗumi ba.

Na ce da shi to ke nan duk wayar da ke cikin bangon nan guba ce? Ya girgiza kai. Ya ce tsawon wayar da ke kwance cikin bango lafiyarta ƙalau, za ta iya ƙara shekara hamsin. Duk ciwon yana bakinta ne, inda ta haɗu da noti ko da wata waya.

Bayanin da ya yi mini, sai da na koma kicin na ɗauko tukunyar goran ruwan da Inna ta sa mini cikin kayan ɗaki na fahimce shi sosai. In na goge ta da soson ƙarfe takan yi ƙyalli, kafin a jima ta koma dishi-dishi. Wannan dishin wata siririyar fata ce da ƙarfen ke yi wa kansa da zarar iska ta taɓa shi. Ita ke hana tukunya cinyewa, shi ya sa ake gadonta. To amma fatar nan wuta ba ta bi ta cikinta. Jan ƙarfe ma yana dusashewa, sai dai tasa fatar ba ta tare hanya haka. Don haka abin da ya zama alheri ga tukunya, a bakin waya shi ne masifa.

Sai kuma maganar kumburi. Duk ƙarfe in ya ɗau zafi yana buɗewa, in ya huce ya tsuke, amma alminiyam ya fi jan ƙarfe yin haka da kusan kashi ɗaya cikin uku, ya kuma fi baƙin ƙarfen da aka yi wasu notunan wancan zamani da shi nesa ba kusa ba. Ga shi da laushi. An kunna hita, waya ta ɗumama ta kumbura a ƙarƙashin noti, babu wurin zuwa, sai ta ɗan baje. An kashe, ta huce ta tsuke, amma ba ta koma yadda take ba, ta bar ɗan sarari da ido ba ya gani. Iska ta shiga sararin, fata ta fito. Gobe wuta ta zo ta tarar hanya ta ƙuntata, sai zafin ya fi na jiya, wayar ta ƙara bajewa. Haka abin ke tafiya, shekara da shekaru, a bayan farin murfi. In kuma akwai danshi, haɗuwar ƙarafa biyu mabambanta kanta tana sa ɗaya ya riƙa cin ɗaya.

A nan na samu amsar tambayata. Bireka yawan wutar da ke wucewa take ƙirgawa. Hitar yara mai wat 1,500 ce, a wutar Amurka mai bolt 120 tana jan amp 12.5 (amp shi ne ma'aunin yawan wutar da ke wucewa), birekar kuwa sai an wuce amp 15 take faɗuwa. A wurinta komai daidai yake. Ba ta da hanyar sanin cewa wani noti can a sama yana dahuwa. Wannan lissafin ya ƙara nuna mini wani abu. A gida Najeriya, inda wuta take bolt 230, hita irin wannan amp shida da rabi kawai za ta ja. Zafin da ke taruwa a mahaɗa mara kyau kuwa, in an ninka wutar sau biyu, shi sau huɗu yake ninkuwa. Mu da muka taso muna jona dutsen guga duk inda muka ga rami, ya kamata mu san cewa a nan kayan ɗumama abu suna wahalar da waya fiye da yadda muka saba.

Kada wani ya karanta wannan ya tsani alminiyam gaba ɗaya. Manyan wayoyin da ke kan turaku, a nan da can gida, galibinsu shi ne. Ƙatuwar wayar da ta shigo da wuta daga mita zuwa akwatin birekarmu ma shi ne, dattijon ya duba ta ya ce babu ruwansa da ita, don an ɗaure ta da maɗaurin da aka ƙera dominta. Tun 1972 ma an sauya haɗin ƙarfen da ake yin wayar gida da shi zuwa wanda ya fi juriya. Abin da nake magana a kai shi ne siririyar tsohuwar nan, mai zare ɗaya, ta soket da makunni da fitila.

Hanyoyi uku CPSC ta amince da su a matsayin gyara mai ɗorewa. Mafi kyau, a zare farar wayar a sake wayarin da jan ƙarfe. Mun nemi a yi mana lissafi. Gidan bene ne, sai an fasa bango da silin a wurare da yawa, sannan a zo a yi yaɓe da fenti. Kuɗin ya fi ƙarfinmu, a shekarar da muka gama zuba duk abin da muka tara a sayen gidan. Sauran biyun dabararsu ɗaya ce. A ɗauko guntuwar jar waya kamar tsawon taƙi, a haɗa ta da bakin farar da mahaɗi na musamman, sannan ita jar ce za ta je jikin soket. Masu aikin suna kiran guntuwar jela. Ɗaya mahaɗin sunansa COPALUM, wani ɗan bututun ƙarfe ne da ake zura wayoyin ciki, inji ya matse su da ƙarfin da ya haura nauyin kilo 4,500, har ƙarafan su zama kamar abu ɗaya. Sai wanda kamfanin da ke ƙera shi ya horar yake riƙe injin, ba kuma kowane gari ake samunsa ba. Ɗayan shi ne AlumiConn, wanda hukumar ta ƙara cikin jerin a 2011. Shi muka zaɓa, don shi dattijonmu ya ƙware a kai, kuma zai iya farawa a makon.

Kafin a fara sai da muka ɗan ja da Abban yara. Wani ɗan'uwa a masallaci, da kyakkyawar niyya, ya ce masa akwai wasu huluna na roba, shunayya, da ake murɗa wayoyin biyu a ciki, ana sayar da su a kowane shagon kayan gini, shi da kansa zai zo ranar Asabar ya sa mana kyauta. Ya kuma ba da shawarar a yi wa soket ɗin da ake jona manyan kaya kawai, sauran a bar su. Abban yara ya ce, "Ki duba fa, kuɗin nan ba kaɗan ba ne." Na ce, "Na duba, Abban yara. Amma zo ka ga wani abu." Na kai shi falo, inda dattijon ya buɗe wani makunni. Irin hular nan ce a ciki, aikin tsohon mai gida, gefenta ɗaya ya narke har zaren ƙarfen cikinta ya leƙo. Gaskiya ne an ba hulunan nan lasisin sayarwa, amma CPSC ba ta yarda da su a matsayin gyara na dindindin ba. Haka ma soket ɗin da aka buga wa CO/ALR, waɗanda aka ƙera don farar waya. Sun fi na jan ƙarfe zalla nesa, sai dai ba su da abin da za su yi wa fitilar silin ko mahaɗar da ke cikin akwati, shi ya sa hukumar ke ɗaukar su rabin gyara. Game da zaɓen wasu a bar wasu kuwa, dattijon ya nuna mana cewa soket-soket a jere suke kamar carbi, wutar da za ta je na ƙarshe sai ta bi ta bayan na farko. Soket ɗin da ke bayan kabad, wanda ba a taɓa jona masa komai ba, yana iya zama shi ke ɗauke da nauyin hitar ɗaki na gaba. Abban yara ya daɗe yana juya narkakkiyar hular nan a hannunsa. Ya ce a yi duka.

Ni ra'ayina a nan ba ya rawa. Wannan ba aikin ranar Asabar ba ne, komai iya hannun mutum. Tsohuwar farar waya ba ta son wasa. In aka lanƙwasa ta sau biyu uku sai ta karye, in abin fere roba ya ɗan yanke ta, nan za ta tsinke wata rana. Ko jawo soket waje don a leƙa yana iya kwance abin da dama da ƙyar yake riƙe.

Kwana huɗu aka yi ana aikin, shi da yaronsa. Na ɗauki hutu, na riƙe littafi ina bin su ɗaki-ɗaki ina rubuta kowane akwati da aka buɗe. Mahaɗin ɗan ƙarami ne, bai kai akwatin ashana ba, shi ma shunayya, don haka kada launi ya ruɗi kowa. A cikinsa akwai guntun ƙarfe mai ramuka uku, kowane rami da notinsa da wani maiƙo mai hana iska taɓa bakin wayar. Fara ta shiga raminta, ja ta shiga nata, ba sa taɓa juna. Zai yanke bakin da ya ƙone, ya fere sabo a tsanake, ya zura, sannan ya ɗauko wata sukundireba mai awo a jikinta. Yana murɗawa, yana murɗawa, sai ka ji ƙas! Ta saki. Ya ce wannan ƙarar ita ce aikin gaba ɗaya. In ɗaurin bai kai ba, waya za ta yi rawa. In ya wuce, an murƙushe ta. Kowane kaurin waya da awonsa a rubuce jikin kwalin, kuma a shekarunsa hamsin na sana'a bai yarda ya auna da hannu ba. Na tsaya ina jin ƙas, ƙas, ƙas, tun safe har la'asar, ban gaji da jin ta ba.

Inda aka sha wahala shi ne akwatunan bango. Na 1969 ƙanana ne, ga mahaɗi uku, ga jela uku, ga soket. Wasu sai da aka sauya su da masu zurfi, don cusa waya da ƙarfi wata sabuwar matsala ce. An bi fitilun silin, fankar banɗaki, injin wanke kwanuka, tukunyar ɗumama gida, fitilar ƙofar gareji, har ɗan taransifoman ƙararrawar ƙofa. A akwatin bireka ya bi kowace waya ya duba ɗaurinta. Wasu tsofaffin soket na baranda, an soka musu wayar ne ta wani ɗan rami a baya, babu noti, wani ɗan ƙarfe mai tsini kaɗai ke riƙe da ita. Biyu daga ciki sun fara baƙi.

Rana ta huɗu da yamma, littafina ya nuna akwati 63, na ɗauka an gama. Dattijon ya tsaya yana kallon takardar da ya zana layukan gidan a kai, ya ce lissafi bai cika ba. Waya ɗaya ta hau sama daga ɗakin yara, amma biyu ne suka sauko a banɗaki da baranda. Dole akwai inda suka rabu. Ya sa yaronsa ya hau cikin silin da tocila, yana tona audugar hana sanyi da hannu. Bayan kusan rabin awa ya kira mu. Akwati ne na ƙarfe, babu murfi, binne cikin audugar, farar waya uku a murɗe an naɗe da baƙin salatif wanda ya bushe ya zama kamar ɓawon itace. Daidai saman gadon ƙaramar 'yata yake. Na rubuta 64, hannuna yana rawa.

Sufeton ƙaramar hukuma ya zo bayan mako guda, ya buɗe wasu akwatunan da ya zaɓa da kansa, ya sa hannu. Takardar tasa muka aika wa kamfanin inshora, don a nan da yawansu ba sa son gida mai farar waya sai da shaidar gyara. Ƙonannen soket ɗin yana cikin leda a durowata.

Watan jiya wata ƙawata 'yar Maraɗi ta ce in raka ta ganin gidan da suke son saya, ginin 1971. Tana can tana yaba kicin, ni kuwa na nemi hanyar ƙasa, na kunna fitilar wayata na haska silin. AL, AL, AL, har bango. Na kira ta na nuna mata. Ta dafe ƙirji ta ce, "Yaya, mu fasa ke nan?" Na ce ba sai kun fasa ba. Ku nemi takardar da ta faɗi irin gyaran da aka yi, da wanda ya yi, da yawan akwatunan da aka buɗe. In babu, a kawo mai gyaran wuta ya yi lissafi, a cire kuɗin daga farashin gidan. Dillalin ya ce mai gidan ya tabbatar masa an gyara. Na roƙe shi aron biro, na juya bayan takardar tallan gidan, muka fara ƙirga soket da makunni daga ƙofar shiga. Kafin mu hau bene mun kai 29.